Yana Zaune Garau, Ya Miƙe Sai Haki: Me Ciwon Huhu Ke Yi wa Harkokin Yau da Kullum?

Me ya sa mutum zai zauna a majalisa ana hira da shi ana dariya, ba wanda zai ce wani abu na damunsa, amma tafiya daga ƙofar gida zuwa masallacin unguwa ta gagare shi sai ya tsaya ya huta a hanya? Tambayar nan tana tasowa a Zariya duk shekara da zarar hunturu ya kankama, hazo ya lulluɓe Dutsen Kufena, masu tari suka cika kemis-kemis na Tudun Wada da Sabon Gari. Amsoshin kuwa ba sa canzawa. Wani ya ce sanyi ne ya shiga ƙirji, wani ya ce tsufa ne. Idan mace ce, ba a rasa mai cewa son jiki ne, aikin ne ba ta so. A wani gidan har a fara zargin jifa.

Haki irin wannan yana da lissafi. Wanda ya gane lissafin zai daina zargin majinyaci, zai kuma daina wani kuskuren da ya fi zargi yawa a gidajenmu, wato zaunar da shi wuri ɗaya da sunan tausayi.

Rarar da ke cikin ƙirji

Iskar da muka shaƙa tana gangarawa ta maƙoshi zuwa bututun da ya rabu biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Kowanne ya yi ta rassa yana ƙanƙancewa sama da sau 20, har ya ƙare a wasu 'yan mitsi-mitsin jakunkuna da ido ba ya gani. Baligi yana da su tsakanin miliyan 300 zuwa 500. A jikinsu ne oksijin ke ratsawa cikin jini, gurɓatacciyar iskar da jiki ya gama da ita kuma ta fito. Huhu ba shi ke motsa kansa ba. Wani faffaɗan tantanin nama da ya raba ƙirji da ciki shi ke sauka ƙasa ya jawo iska, tsokokin haƙarƙari suna taya shi. Fitar iska kuwa ba ta cin wani ƙarfi, domin lafiyayyen huhu da an sake shi sai ya tsuke da kansa ya turo ta waje.

A zaune, mutum na numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, kowane numfashi wajen rabin lita. A ce lita 6 zuwa 8 ke nan a minti. Saurayin da ke buga ƙwallo kuwa zai iya juya lita 100 a cikin mintin nan guda. Ashe abin da zama ke buƙata ɗan kaɗan ne daga abin da huhu zai iya. Sauran duk rara ce da aka tanada domin noma, dako, gudu da hawan bene. Shi ya sa ake iya cire wa mutum huhu ɗaya sukutum ya ci gaba da harkokinsa.

Ciwon huhu mai daɗewa da rarar nan yake farawa, kuma a ɓoye yake cinta, shekara da shekaru. Mai shi ba ya ankara, saboda yana rage wa kansa aiki ba tare da ya lura ba. Wanda a da yake takawa daga Ƙofar Doka zuwa Tudun Wada sai ya koma hawa acaɓa, ya ce rana ce ta yi zafi. Ya bar wa yara noman gandu, ya ce sun girma. Ya koma masallacin da ya fi kusa. Ranar da wanka ko sa riga ya fara sa shi haki, ranar zai yarda cewa ba shi da lafiya, alhali ɓarnar ta yi nisa tuntuni.

Akwai kuma waɗanda tun farko rarar tasu ba ta cika ba. Huhu yana gama girma ne tsakanin shekara 20 zuwa 25, daga wajen 35 kuma ƙarfinsa ya fara raguwa a hankali ko da mutum lafiyarsa ƙalau. Yaron da aka goya a bakin murhu, ya sha fama da tamowa ko limoniya a kai a kai, ba lallai huhunsa ya kai inda ya kamata ba. Irin wannan, haki zai riske shi tun tsaransa suna ganiyar ƙarfinsu.

Ba ciwo ɗaya ake nufi ba

Wanda aka fi sani shi ne asma. Hanyoyin iska ne ke kumbura su tsuke idan ƙura, hayaƙi, sanyi ko mura suka taɓa su, daga baya su sake buɗewa. Tana zuwa tana tafiya, kuma mai ita idan yana kan magani yadda ya dace ba abin da ba zai iya ba, har gasar gudu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 262 ke ɗauke da ita a 2019, ta kashe 455,000 a shekarar, akasarinsu a ƙasashe marasa ƙarfi inda ba a gano ta da wuri.

Na biyu, wanda ya fi kisa amma ba a cika jin sunansa a bakin mutane ba, shi ne toshewar hanyoyin iska ta dindindin, wadda likitoci ke kira COPD. A nan ƙananan bututun sun ƙuntace sun cika da majina, bangon 'yan jakunkunan nan kuma ya yayyage, kuma abin da ya lalace ba ya dawowa. Ta kashe mutum miliyan 3.5 a 2021. A ƙasashen masu arziki, taba sigari ce ke jawo sama da kashi 70 cikin 100 nata. A irin namu ƙasashen kuwa rabon taba kashi 30 zuwa 40 ne, hayaƙin girki na daga cikin manyan masu cike gurbin. Inna da ba ta taɓa riƙe karan sigari ba, amma ta yi shekara talatin tana hura icce da kara a rufaffiyar madafa, tana cikin wannan layi. Haka mai ƙosai da mai waina da ke kan wuta tun asuba, haka mai tsire da ke tsaye a kan tukuba har dare. Idan likita ya ce wa dattijuwa huhunta ya yi irin na mashaya taba, sai ta ji kamar an zage ta. Wannan kuma bai wanke taba ba, balle shishar da samari da ɗalibai suka mayar ado.

Na uku tabon tarin fuka ne, wato tibi. Najeriya ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu tibi, kuma cibiyar da ke horar da ma'aikatan yaƙi da tibi da kuturta ta ƙasa tana nan Saye, kusa da mu. Maganin wata 6 yana kashe ƙwayar cutar, kuma kyauta ake ba da shi. Sai dai ƙwayar takan bar tabo, rami ko buɗaɗɗun bututu masu tara majina. Wasu nazarce-nazarce sun nuna kusan rabin waɗanda suka warke suna rayuwa da wata naƙasa a numfashinsu. Irin waɗannan ne za ka ga an sallame su an ce sun warke, amma tari da haki suna nan, dangi kuma har yanzu suna ware musu kofi da kwano alhali ba sa yaɗa komai.

Sai taurin huhu, wanda ke kama masu fasa dutse da masu haƙar ma'adinai saboda ƙurar da ke maƙalewa a ciki. Nasu huhun ya sandare ne, ba ya buɗewa sosai. Masu injin niƙa, masu casar hatsi, masu gurzar auduga da kafintoci su ma ƙurar sana'arsu tana taɓa su ta wata fuskar.

Kafin mu wuce: ba kowane haki ne na huhu ba. Ƙarancin jini yana kawo shi, ciwon zuciya ma haka. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello suka yi rubuce-rubuce kan ciwon zuciyar da ke kama masu jego a Zariya. Don haka mai jegon da ke haki, ƙafa na kumbura, ba ta iya kwanciya sai da matasai, kada a tsaya nema mata maganin asma.

Iskar da ta shiga ta ƙi fita

Kowa ya ɗauka matsalar mai haki ita ce iska ba ta shiga. Ga mai COPD, da mai asma lokacin da ta tashi, babbar matsalar fita ce. Huhunsa ya zama kamar robar wandon da ta saki, tana buɗewa amma ba ta komawa. Ga kuma hanyoyin sun ƙuntace. Saboda haka fitar da numfashi ɗaya yana ɗaukarsa lokaci fiye da na kowa.

Ga lissafin. A zaune yana numfashi sau 15 a minti, wato kowane numfashi yana da daƙiƙa 4. Sun ishe shi ya shaƙa ya fitar, shi ya sa ake hira da shi garau. Da ya miƙe ya fara tafiya, jiki zai nemi ƙari, numfashin ya koma sau 30, kowanne daƙiƙa 2. Bai gama fitar da na farko ba na biyu ya hau kai, na uku ya hau kan na biyu. Cikin 'yan mintuna ƙirjinsa ya cika tam da tsohuwar iska, ba wurin da sabuwa za ta shiga. Tantanin nan da ke jawo iska ya danne ƙasa ya miƙe, ba shi da sauran inda zai sauka. Mutum yana jin kamar an shaƙe shi alhali ƙirjinsa cike yake. Tsoro ya kama shi, tsoron ya ƙara masa saurin numfashi, saurin ya ƙara cika ƙirjin. Ba abin da zai warware wannan sai ya tsaya, numfashin ya lafa, iskar ta samu ta fice.

Ɗauki dattijo ɗan sittin da 'yan kai a wani lungu na cikin Birni, ka bi shi daga asuba. Tari ne ke tashinsa, don majinar da ta taru cikin dare sai ta fita. Wajen alwala, da ya sunkuya zai wanke ƙafa, ciki ya tokare tantanin, sai ya ɗago da sauri. Zai zura riga ta kai, ko ya naɗa rawani, hannu biyu a sama, sai ka ga ya dakata ya zauna a bakin gado. Dalili shi ne ya daɗe yana aron tsokokin wuya da kafaɗa suna taya shi numfashi, to yanzu ya ba su wani aikin. A hanyar masallaci zai tsaya wurin mai shayi ya yi doguwar gaisuwa, "Ina kwana, ina gajiya, yaya sanyi?", hannu ɗaya dafe da tebur. Ba gaisuwar ce ta dame shi ba, numfashi yake mayarwa ba tare da an gane ba. Da rana a kawo tuwo, ya ci rabi ya ture, saboda cikakken ciki yana matse ƙirji. Ga shi kuma aikin numfashin kansa yana cin ƙarfi, abin da ga mai lafiya bai kai kashi 5 cikin 100 na oksijin da jiki ke ƙonawa a zaune ba. Cin abinci ya ragu, ƙona shi ya ƙaru, sai rama. Daga nan maƙwabta su fara raɗe-raɗin ko tibi ne.

Mace ta fi shan wuya, domin aikin gida kusan duk na ɗaga hannu ne ko na sunkuyo: daka, jan ruwa a rijiya, shanya, tuƙin tuwo, shara da gajeriyar tsintsiya wadda ta haɗa sunkuyo da ƙura. Za ta iya zama ta yi tsintar shinkafa awa guda ba ta gaji ba, amma guga biyu na ruwa su zaunar da ita. Uwar miji da ta ga na farko ta ga na biyu sai ta yanke hukunci cewa zaɓen aiki take yi.

"Baba, ka zauna, za a kawo maka"

Iyalai sun kasu biyu. Akwai masu ganin raki ne, a daure kawai. Akwai kuma masu tausayi, waɗanda da sun ga haki sau ɗaya shi ke nan, sun hana shi komai. Buta a kawo, abinci a kawo, kasuwa a je masa. A ganina na biyun sun fi yin ɓarna, don dai tasu ba ta da hayaniya.

Tsokar ƙafa da ba a aiki da ita tana zubewa cikin makonni. Raunanniyar tsoka kuwa tana saurin tara tsami a jini idan an motsa ta, tsamin nan kuma shi ke umartar ƙwaƙwalwa ta ƙara saurin numfashi. Wato tafiyar da wata uku baya take buƙatar numfashi kaɗan, yanzu tana buƙatar mai yawa, ba don huhun ya ƙara lalacewa ba. Haki ya ƙaru, sai a ƙara zaunar da shi, ƙafar ta ƙara mutuwa. Shi ya sa za ka samu mutum biyu da gwaji ya nuna huhunsu ɗaya, wannan yana zuwa shagonsa a kasuwar Sabon Gari kullum, wancan ko zaure ba ya fitowa.

Likitocin huhu a duniya sun daɗe da sanin haka. Cikin abubuwan da suka fi yi wa mai COPD amfani akwai tsarin motsa jiki na mako 6 zuwa 8 ƙarƙashin kulawar ma'aikatan gashin ƙashi: tafiya, tashi da zama daga kujera, ɗaga abu mara nauyi, da koyon numfashi. Ba ya gyara huhun da ya yage. Amma yana ƙara nisan tafiya, yana rage haki, yana rage komawa gadon asibiti. Hakin da motsi ya kawo ba ya ƙara lalata huhu. Ma'aunin da ake bai wa majinyaci mai sauƙi ne: ka yi tafiya har ka ji numfashi ya ɗaga amma kana iya furta gajeriyar magana. Idan maganar ta gagara, ka tsaya ka huta, sannan ka ci gaba. Sannu ba ta hana zuwa.

Zaman ɗaki yana da wani ciwon na daban. Mutumin da ya daina zuwa jam'i, ya daina majalisa, ɗaurin aure da ta'aziyya duk sai dai ya aika, damuwa ce ke biyo baya. Ita ma tana ƙara nauyin numfashi, kuma ba kasafai ake tambayarsa ita ba.

Abin da gwaji ke faɗa, da wanda ba ya faɗa

Yawancin mutane hoton ƙirji suka sani. Hoto yana nuna tabo, ruwa ko rami, amma mai asma ko mai COPD a farkonta zai iya ɗaukar hoto ya fito fes. 'Yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa, wadda ta yi suna lokacin korona, ita ma tana ruɗin mutane. Mai lafiya tana nuna masa 95 zuwa sama, to mai tsananin haki ma za ta iya nuna masa 96 yana zaune, sai dangi su ce ai ga shi lafiyarsa lau. Oksijin da ke jini take aunawa, ba wahalar da aka sha kafin ya shiga ba.

Gwajin da ke tabbatar da toshewa shi ne na busawa, da na'urar da ake kira sifirometa. Za a toshe maka hanci, ka cika ƙirji iya iyawarka, ka kama bututu da baki ka busa da dukkan ƙarfinka, ma'aikaciya na cewa "Ci gaba, Baba, ci gaba, kada ka tsaya", har sai ba sauran komai. Ana duba nawa ka fitar a daƙiƙar farko cikin duk abin da ka fitar. Mai lafiya yana fitar da wajen kashi 75 zuwa 80 a daƙiƙar nan. Idan bai kai kashi 70 ba ko bayan an shaƙa maka maganin buɗe hanya, to akwai toshewa ta dindindin. Idan kuwa maganin ya buɗe ta sosai, an fi karkata ga asma. Ba kowane ƙaramin asibiti ke da na'urar ba. A manyan asibitoci irin na koyarwa da ke Shika ne ake samun likitocin ƙirji, kuma ya kamata mai doguwar matsalar numfashi ya nemi a tura shi can ko sau ɗaya ne.

Lambar gwajin dai ba ta faɗin yadda mutum ke rayuwa. Don haka likitoci ke da wani ma'aunin na tambaya kawai, mai hawa biyar: haki sai an yi aiki mai ƙarfi, haki idan ana sauri ko hawan ɗan tudu, tsara suna wuce ka a hanya, ko sai ka tsaya kana tafiyarka ta yau da kullum, sai ka tsaya bayan kamar mita 100, sai na ƙarshe, ba ka iya fita daga gida, ko sa riga ma haki ne. Wanda zai ga likita ya tafi da irin wannan bayanin. "Ranka ya daɗe, bara ina zuwa Juma'a da ƙafa, bana sai an ɗauke ni" ya fi "ƙirjina ne ke damuna" amfani nesa ba kusa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Rigimar inhela

Mutane da yawa suna gudun inhela, 'yar na'urar nan da ake fesa magani a baki a shaƙa, wai wanda ya fara ba ya dainawa, wai ta masu ciwon ajali ce. Sai su gwammace ƙwaya da allura. A zahiri abin a juye yake. Maganin da aka shaƙa kai tsaye yake zuwa huhu, don haka ɗan kaɗan ake sawa a ciki. Wanda aka haɗiya kuwa sai ya zaga jiki duka. Ƙwayoyin prednisolone da dexamethasone da ake saye a kemis ba takardar likita suna kwantar da haki da sauri, shi ya sa ake son su, amma wanda ya mayar da su na kullum yana sayen ciwon suga, hawan jini, kumburin fuska da raunin ƙashi.

Inhela iri biyu ce. Shuɗiyar nan, salbutamol, tana buɗe hanya cikin mintuna amma ba ta taɓa kumburin da ke ciki. Akwai kuma ta kullum, wadda ke hana ciwon tashi, kuma ita aka fi yin watsi da ita saboda ba a jin aikinta nan take. Mai asmar da ke ƙarar da shuɗiya uku ko fiye a shekara, ciwonsa bai kamu ba, yana buƙatar a sake duba maganinsa.

Masu gudun inhela saboda kuɗi kuwa suna da hujja. A watan Agustan 2023 kamfanin GSK, mai yin shuɗiyar inhelar Ventolin, ya sanar da daina sayar da magungunansa kai tsaye a Najeriya, ga faɗuwar darajar naira, farashi ya ninninka. To tunda da tsada ake sayenta, asara ce a fesa ta a kan harshe. Da yawa haka suke yi, su danna kafin su fara shaƙa ko bayan sun gama. Ana gyara wannan da wata 'yar kwalba da ake sawa tsakanin inhela da baki. Binciken da aka yi a Afirka ta Kudu ya nuna gorar roba mai rabin lita, idan aka huda gindinta daidai bakin inhelar, tana yin aikin da ta kanti ke yi. A nemi ma'aikacin lafiya ya nuna yadda ake haɗa ta.

Batun azumi kuma malamai sun yi saɓani. Wasu suna ganin inhela ba ta karya shi tunda ba ci ba ce ba sha ba, wasu suna ganin tana karyawa sai a rama. Kowa ya tambayi malamin da ya amince da shi. Abin da ba saɓani a kai shi ne mai numfashi ya sarƙe ba ya jiran magariba.

Hunturu, murhu da salla

Ƙurar hunturu daga nesa take zuwa, mafi yawanta daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, kuma ba mai iya tare ta. Abin da ke hannunmu shi ne wadda muke ƙarawa a kai: ƙona bola da yamma, kaskon gawayi a rufaffen ɗaki don jin ɗumi, maganin sauro na kunnawa, turaren wuta, janareta a bakin taga. Takunkumi a ranar da hazo ya yi kauri yana taimakawa, haka yayyafa ruwa kafin shara, haka jinkirta fita har rana ta ɗan ɗaga.

A ce wa mace ta koma girki da gas abu ne mai sauƙi a baki. Tun da gas da kananzir suka yi tashin gwauron zabi, gidaje da dama sun koma icce da gawayi. Abin da ya rage shi ne a fito da murhu tsakar gida ko a buɗe wa madafa taga, a yi amfani da busasshen icce, a daina hura wuta da leda, a kuma sauke goyo kafin a tsuguna gaban wuta. Mai shan taba kuwa, barinta ba zai dawo da abin da ya tafi ba, amma zai rage gudun lalacewar a kowane shekaru yake.

Akwai dabarun da ba sa cin ko sisi. A shaƙa ta hanci a ƙirga biyu, a tsuke leɓɓa a hura a hankali a ƙirga huɗu. Tsuke bakin yana riƙe ƙananan hanyoyin a buɗe har tsohuwar iskar ta fita. Idan haki ya taso, a zauna a ɗan karkato gaba a dafa gwiwa. Iskar mafici ko ƙaramar fanka a fuska tana rage jin shaƙewa. A yi wanka da alwala a kan kujera, a ƙara wa tsintsiya tsawo, a raba abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa, a fitar da numfashi daidai lokacin ɗaga kaya ko taka matakala. Salla kuwa hadisin Imrana ɗan Husaini ya riga ya yanke magana: a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kishingiɗe. Gara dattijo ya taka zuwa masallaci a hankali ya yi sallarsa a kujera cikin mutane da a ce ya zauna gida.

Tukunyar oksijin ba ta kowane mai haki ba ce. Ana rubuta ta ne ga wanda gwaji ya nuna oksijin ɗinsa ya yi ƙasa sosai ko yana zaune, kuma sai an yi aƙalla awa 15 a rana a kanta take ƙara tsawon rai, abin da ke da wuya a inda wutar lantarki ba ta tsayawa. Ga mai COPD ma yawanta yana da haɗari, shi ya sa a asibiti ake tsayar masa da ita tsakanin 88 da 92 a na'urar yatsa.

Lokacin da ba a jira

Ciwon yakan yi kwana da kwanaki yana kwance, sai mura ko ƙura ta tayar da shi. Kowane tashi mai tsanani yana iya barin mutum ƙasa da inda yake a da, don haka saurin zuwa asibiti yana kare sauran rarar. Idan majina ta ƙaru ko ta koma ruwan ɗorawa ko kore, haki ya wuce na kullum, a je a ranar. Idan kuwa mutum ba ya iya haɗa magana, leɓɓa ko farce sun yi duhu, yana gyangyaɗi ko sambatu, ya yi tarin jini, ko an shaƙa inhela ba ta yi aiki ba, ba a jiran gari ya waye. Tarin da ya kai mako 2, musamman da zazzaɓin dare da rama, a kai majina a gwada tibi ko da an taɓa warkewa. Wajen tafiya a haɗa duk inhelar da ƙwayoyin da yake sha a leda ɗaya, har da na kemis da na gargajiya, a ɗauki tsohon hoton ƙirji da katin maganin tibi idan akwai.